Ta ina ake fara shirya makarantar hutun bazara ta ɗaliban digiri na biyu da na uku?

Malam, ka ce sashenku ya ɗora maka shirya taron mako biyu, kana tambayar inda za ka fara. Fara da ɗakunan kwana da malamai, kafin ma ka taɓa jadawali. A lokacin dogon hutu jami'a kan yi gyaran ɗakuna ko ta ba wasu taruka haya, manyan malamai kuma tun da wuri suke cika kalandarsu. Ka kama su kusan shekara guda kafin lokacin.

Batun darasi, ka matse shi sosai. Ɗalibin da ke rubuta kundinsa ba ya bukatar a maimaita masa gabatarwar fanni; hanyar bincike ɗaya yake so ya ƙware a kai. Shi ya sa na fi son lacca da safe, aikin hannu da rana, sannan kowa ya samu rabin awa ya gabatar da aikinsa a yi masa gyara. Wannan ɓangaren ne ake yawan yankewa idan lokaci ya ƙure, alhali shi ya fi amfani.

Wajen zaɓen ɗaliban da za su halarta, shafi ɗaya kan binciken mutum ya fi tarin takardun shaida faɗin gaskiya. Masu zuwa daga waje a ba su wasiƙar gayyata da wuri saboda biza.

Idan kuna son jami'o'in Turai su lissafa kwas ɗin, maki ɗaya a ECTS, tsarin da suke lissafa makin karatu da shi, awa 25 zuwa 30 ne na aiki, don haka ku rubuta adadin awanni a jikin takardar shaidar.