Me ya sa taurari ba sa fitowa a hotunanmu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mu uku ne a Tawa muke sha'awar ɗaukar hoto da salula. Na rana yana yin kyau, amma duk lokacin da muka ɗauki sama da dare, baƙi ƙirin muke gani, ko wasu 'yan ɗigo masu dishi-dishi. Sai mun sayi babbar kyamara?

Amsa: Ƙanena, ku riƙe kuɗinku tukuna. Salular da ke aljihunku tana iyawa, muddin kyamararta tana da wurin da aka rubuta Pro. Matsalar ita ce hasken tauraro kaɗan ne ƙwarai, ita kuwa salula ta saba buɗe idonta ta rufe nan take, kamar yadda take yi da rana. Dole ka bar idon a buɗe har hasken ya taru, kamar mai tarar ruwan sama da ƙwarya.

Ka shiga Pro, ka sa lokacin buɗewa daƙiƙa 15 zuwa 20, ISO kuma, wato saitin ƙarfin kama haske, 1600, in hoton ya yi duhu ka hau 3200. Kada ka wuce daƙiƙa 20 ɗin nan. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka in ka daɗe, taurarin sai su fito kamar 'yan sanduna. Masu wannan harka suna raba 500 da tsawon madubin kyamara, kuma na yawancin salula yana kusa da milimita 25, daga nan 20 ɗin ta fito. Saitin nisa ma ka yi shi da hannunka, ka kai shi ƙarshe, wajen alamar dutse ko takwas a kwance, domin salula ba ta iya kama abu cikin duhu da kanta. Fitilar salula kuwa a kashe ta, ba ta kai wa ko kan bishiya, balle sama.

Hannun ɗan Adam ba ya tsayuwa cik na daƙiƙa 20, ko na wane ne. In babu maƙali mai ƙafa uku, ku cika safa da rairayi ku jingina salular a kai, ko ku kwantar da ita kan turmin da aka kife, madubin yana kallon sama. Ku sa ta jira daƙiƙa 2 ko 3 bayan kun danna, don girgizar yatsa ta wuce.

Abin da na fi so ku kula da shi shi ne zaɓen dare, don nan ne galibi ake faɗuwa. Ku bi lissafin wata irin namu: daga 27 ga wata zuwa 2 ko 3 ga sabo, sama tana da duhu sosai. Daren 14 kuwa farin wata yana shanye ƙananan taurari. Sai ƙura. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan rufe sama ko da ido na ganin kamar babu girgije. Ni dai ban taɓa samun dare irin na bayan ruwan damina ba, lokacin da ruwa ya wanke iska tas, hadari ya watse. A Yuli da Agusta, bayan lisha, ku fuskanci kudu, za ku ga farin zanen nan da ya ratsa sama kamar hayaƙi, wato tarin taurarin da ranarmu take ciki. Hotonsa yana sa mutum tasbihi. Oktoba da farkon Nuwamba ma suna da kyau, kuma a lokacin Kaza da 'Ya'yanta tana fitowa gabas da farkon dare.

Fitilun gari suna ɓata hoto, don haka ku ɗan fita bayan gari, ku ba Tawa baya. Amma kada ku yi nisa da dare a halin da ake ciki. Gonar wani naku da kuka sani ta isa, ku gaya wa na gida inda za ku, ku sa takalmi rufaffe saboda kunama da maciji. Da kun isa, ku kashe tocila ku zauna minti 20 ido ya saba da duhu. Ku sa gawo ko rumbu a ƙasan hoton don mai kallo ya gane Adar ce, kuma ku riƙa goge madubin, raɓar damina tana sauka a kansa ba ku sani ba.