Tambaya da Amsa: Gudun Safiyar Asabar, Wai Sai Mai Ƙarfin Gudu Ne Ke Zuwa?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da na yi maganar gudun nan na parkrun da ake yi duk safiyar Asabar a lambunan shaƙatawa saƙonni suke ta shigowa, har na rasa wanne zan fara ɗauka. Na zaɓi huɗu, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni dai shekarata 43, yarana huɗu, kuma gaskiya ina da jiki, ko bene na hau sai na tsaya na huta. Akwai lambu kusa da mu da nake ganin mutane na taruwa duk Asabar suna gudu, maƙwabciyata ta ce kyauta ne in zo mu je, sau biyu ina shiryawa har na ɗaura takalmi sai in fasa, don tsoro nake in zama ta ƙarshe kowa ya tsaya yana kallona ana jirana. Dan Allah wai irina ma suna zuwa? Daga Maman Hanan.

Amsa: Maman Hanan, wallahi saƙonki ya taɓa min zuciya, don wannan ɗaura takalmin a fasa ɗin mata da yawa sun faɗa min irinsa. Toh bari in fara cire miki babban tsoron, ba za ki zo ta ƙarshe ba, kuma ba lallashi nake miki ba, haka tsarin abin yake. A kowane parkrun akwai ɗan sa-kai da aikinsa kenan ya tafi a bayan kowa, za ki gan shi da 'yar rigar sama mai ruwan lemo, ba ya wuce kowa komai jinkirin mutum, in kin tsaya ya tsaya, kuma shi ne ake rubutawa na ƙarshe a sakamako. Daga 2022 ma sun ƙara wasu masu shuɗiyar riga da aikinsu su yi tafiyar ƙasa kawai tare da masu tafiya, don kar wani ya ji kamar shi kaɗai ne bai gudu.

Nisan kilomita 5 ne. Da tafiyar ƙasa, ba gudu ko ɗaya, yawancin mutane na gamawa cikin minti 50 zuwa awa ɗaya, wani ya haura haka, kuma 'yan sa-kan ba sa naɗe kayansu sai mai ruwan lemon nan ya shigo.

Kin san yadda abin ya faro ma? Wani mutum ne mai suna Paul Sinton-Hewitt, ɗan gudu ne sosai, ya ji rauni ya kasa gudu, sai kewar abokansa ta dame shi, shi ne ran 2 ga Oktoba 2004 ya tara mutum 13 a lambun Bushy Park da ke Landan, su suka yi gudu shi kuma ya riƙe musu agogo, da aka gama suka je suka zauna hira. Kin ga kenan tun ranar farko mai abin kansa bai gudu ba, zumuncin yake nema. Yau ana yi a ƙasashe sama da 20, har Ostireliya da Poland da Japan da Afirka ta Kudu, wadda ta fara a 2011 a Delta Park na Johannesburg.

Akwai wata mata da na taɓa tafiya kusa da ita, ta kai shekara sittin ina jin, ranar farkonta ce. Muna kai wajen kilomita uku ta dafa wani benci tana haki ta ce ita ta gama, ba ta iyawa. Mai rigar ruwan lemon bai ce mata komai ba, tsayawa kawai ya yi gefenta ya fara tambayarta jikokinta nawa, su wa da wa, tana ba shi amsa tana share zufa da bakin hannun riga, can sai na ga ta saki bencin da kanta. Da muka iso wajen gamawa mutanen da suka rage ba su fi goma ba, duk suka juyo suna tafa mata, ta karɓi ɗan katin da ake ba duk wanda ya gama hannunta na rawa. Wannan kallon da kike tsoro, Maman Hanan, shi ne wannan, kallon masu murna da ke ne.

Shawarata, ranar farko kar ki yi gudu sam. Ki je da wuri kamar minti 15 kafin a fara, akwai ɗan bayani da ake wa sababbin zuwa, a nan za a nuna miki hanya da inda ake juyawa. Ki tsaya can baya, ki yi tafiyar da za ki iya hira a cikinta ba tare da numfashi ya sarƙe ba. In kin yi haka sau uku ko huɗu sai ki fara sa ɗan sassarfa na minti ɗaya, ki yi tafiya minti biyu, haka haka. Amma tunda kin ce bene ma na sa ki haki, dan Allah ki fara ganin likita a duba jininki da suga, musamman in kin taɓa jin ƙirjinki ya ɗaure ko jiri ya ɗebe ki, wannan kam ba abin wasa ba ne. In ya ce ba matsala, ki kira maƙwabciyar nan taki ranar Juma'a da dare ki ce ta biyo miki, in mutum na tsaye a ƙofa fasawa na wuya.

Tambaya: Anti ina wuni. Ni ɗalibi ne a Ingila, wata biyar kenan ina zuwa. Matsalata biyu, na ɗaya agogon hannuna kullum yana nuna min na fi sauri a kan lokacin da suke turo min, wani lokacin da sakan 15 ko 20. Na biyu na maƙale a minti 27, duk yadda na yi na kasa sauka, har abin ya fara fita raina. Ya zan yi? Daga ƙaninki Abba.

Amsa: Abba ƙanina sannu da ƙoƙari, minti 27 ai ba ƙaramin abu ba ne, kusan minti biyar da rabi kenan kake cin kowace kilomita. Maganar agogo mai sauƙi ce. Su nasu agogon yana fara ƙirga ne daga lokacin da aka ce a tafi, ga kowa baki ɗaya, kai kuma na tabbata sai ka taka layin farawa kake danna naka, toh in kana tsakiyar taro ko baya sakannin nan da ka ɓata kafin ka iso layi su ne bambancin. Ba cutarka aka yi ba. Sannan agogon hannu da tauraron ɗan'adam yake aiki, in hanya na da bishiyoyi da kwana-kwana yakan yi kuskuren nisa, har ka ga ya ce maka 4.9 alhali hanyar an auna ta.

Ka kuma kula da yadda ake haɗa sakamakon, don wani lokacin mu masu gudun ne ke rikita shi. In ka tsallake layin gamawa mai riƙe da lokaci ya danna, sai ka shiga ɗan siririn layin nan na igiya, a ƙarshensa a miƙa maka ɗan katin roba mai lambar matsayinka, ka kai wa mai sikanin ya haɗa shi da bakod ɗinka, wannan zanen layi-layin da aka ba ka ranar da ka yi rajista. Lokaci na hamsin da kati na hamsin ake haɗawa. In ka wuce wani a cikin layin igiyar lokacinku ya musanya, in kuma ka zame ka fita ba ka karɓi kati ba, ka ga duk na bayanka lokacinsu ya goce. Kuma katin nan dan Allah a mayar, ba na tafiya gida ba ne, mako mai zuwa da shi za a yi aiki.

Yanzu maƙalewar. Ba ka faɗa min ko kana gudu sauran ranaku ba, amma yadda ka rubuto ina zargin Asabar ɗin ce kawai, kuma kowace Asabar kana fita ne kamar ranka zai fita. Jiki ba ya ƙaruwa a haka. Ka ƙara gudu biyu a tsakiyar mako, a hankali sosai, irin wanda har za ka ji kamar ba ka yi komai ba, minti 30 zuwa 40, ɗaya daga ciki ka riƙa tsawaita shi kaɗan kaɗan har ya kai kilomita 7 ko 8. Ranar Asabar kuma ka lura da kilomitar farko, nan ne samari ke kashe kansu, ana cewa a tafi sai su bi na gaba a guje, kafin a kai ta uku ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura dutse. Ka fara a hankali fiye da yadda zuciyarka ke so, ka ajiye ƙarfin ga ta huɗu da ta biyar.

Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne da ka ce ya fara fita ranka. Abba, ba kowane mako ake karya lokaci ba, ko manyan 'yan gudu ba sa yi. Ka ware Asabar ɗaya a wata ta gwada sauri, sauran ka je ka yi gudu da wani abokinka da bai kai ka ba, ka raka shi. Su kansu masu shirya abin a Fabrairun 2024 sun cire jerin waɗanda suka fi kowa sauri daga shafinsu, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kai, wasu sun ji haushi sosai kuma na fahimce su, amma dalilin da suka bayar shi ne kar sabon zuwa ya ɗauka gasa ce ya tsorata. Rigunan da ake yi wa masu zuwa alama da su ma ba na sauri ba ne, na yawan zuwa ne, ja in ka cika 50, baƙa a 100, kore a 250, shuɗiya a 500. Wata biyar ka kusa rabin hanyar jar kenan in ba ka fashi.

Tambaya: Anti yarana biyu, mai shekara 6 da mai 12, zan iya zuwa da su? Daga Baban Sadik.

Amsa: Ƙwarai kuwa Baban Sadik. Mai 12 zai iya yin kilomita biyar ɗin da kansa in yana so. Mai 6 kuwa dokar ita ce duk yaron da bai kai 11 ba dole ya kasance dab da babban da ya kawo shi tun daga farko har ƙarshe, ba wai ka yi gaba ka bar shi ba. A ƙasashe irin su Birtaniya da Ayalan da Ostireliya akwai na yara zalla ranar Lahadi da safe, kilomita 2, daga shekara 4 zuwa 14, ni shi na fi so wa ƙaramin. Ka yi wa kowannensu rajistarsa daban, kuma in ya ce ya gaji ku tsaya, kar ka ja shi.

Tambaya: Hajiya ina gaisuwa. Shekara uku ina wannan gudun, sai gwiwata ta samu matsala, likita ya ce in dakata aƙalla wata uku. Gaskiya Asabar ta zame min ranar baƙin ciki, ina tashi da asuba kamar yadda na saba sai in zauna ina kallon bango. Me kika gani? Daga Malam Ɗanjuma.

Amsa: Malam Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Ka bi maganar likitanka sau da ƙafa, gwiwa in aka yi mata gaggawa wata uku sai ya koma shekara. Amma zaman gidan nan ban yarda da shi ba. Ka je, Malam. Duk abin nan da kake gani kyauta 'yan sa-kai ne ke ɗauke da shi, ba a biyansu ko sisi, kuma in ba su cika ba dole a soke gudun ranar, saboda haka kullum nema ake. Akwai ayyukan da ba sa buƙatar gwiwa, riƙe lokaci, miƙa katin gamawa, sikanin ɗin bakod wanda yanzu da manhajar waya ake yi, jera katunan bisa lamba bayan an tashi, wannan ma a zaune ake yinsa. Ka aika musu imel ko ka samu shugaban gudun ranar ka ce ga halin da kake ciki, za su nuna maka komai cikin minti biyar, ba sai ka taɓa yi ba. Kuma ana ƙirga maka ranakun sa-kai kamar yadda ake ƙirga na gudu.

In za ka ji tawa, ka nemi tsayuwa a kwana, masu nuna hanya ɗin nan, ka tafi da 'yar kujerarka mai naɗewa. Shekara uku kana wuce su a guje, ƙila ba ka taɓa ganin abin daga inda suke ba. Da farko na gaba za su wuce fiu ba ko kallo, sai taron tsakiya ya zo kamar ruwa, ƙarar takalma da haki, wani na tura keken jariri, wani da karensa a gajeriyar igiya, suna ce maka an gode ba ka ma san su ba. Sai wuri ya yi tsit har ka ɗauka an gama. Toh a nan ne aikin naka yake, don can za ka hango mutum ɗaya ko biyu suna tahowa a hankali, kai a ƙasa, irin su Maman Hanan ɗin da na amsa wa a sama, kuma kai da ka san zafin kilomita ta huɗu a jikinka ka fi kowa sanin abin da za ka ce musu. In hanyar mai zagaye biyu ce, ka tambayi sunan mutum a zagayen farko, in ya dawo na biyu ka kira shi da shi, za ka ga yadda yake ɗago kai.

Ka sa rigar sanyi mai kauri fiye da wadda ka saba, mai tsayuwa ya fi mai gudu jin sanyi nesa ba kusa ba. In ka je ka rubuto min yadda aka yi, da kuma abin da likitan ya ce bayan wata ukun.