Laftof ɗina ta cika: in sayi sabon faifai ko in fara bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum. Laftof ɗina mai Windows 11 ce, faifan ajiyarta GB 256. Kwanan nan layin da ke nuna sararin C, wato faifan ciki, ya koma ja, saura GB 6 kacal, har sabuntawa ta ƙi sauka. Na goge hotuna da takardu masu yawa, amma kamar ban yi komai ba. Faifan waje zan saya, ko a canza mini na ciki da babba? Akwai kuma wata manhaja da ke ta faɗowa a allona, wai in biya ta share mini komai.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki fitar da kuɗinki tukuna. Wanda bai san abin da ya cinye masa wuri ba, ko ya sayi faifai mai ninki biyu, bayan 'yan watanni zai sake ganin jan layin nan.

Da farko, faifan da aka rubuta wa GB 256 bai taɓa nuna miki 256 ba. Kamfanoni suna ƙirga da 1000, Windows kuma da 1024, don haka kusan 238 kike gani tun ranar farko, kuma Windows kanta ta ɗauki rabonta a ciki. Game da gogewar da kika yi, abu biyu nake zato. Takardu ba su da nauyi, dubu ɗaya daga cikinsu ba sa kai bidiyo guda na awa ɗaya. Sannan duk abin da kika goge yana nan kwance a kwandon shara, wato Recycle Bin, yana riƙe da wurinsa har sai kin zubar.

Ki shiga Settings, ki danna System, sai Storage. Za ki ga an kasa miki wurin: manhajoji, fayilolin wucin gadi, takardu da sauransu. Ki buɗe Temporary files. A nan ake samun ragowar sabuntawa, da kuma Windows.old, tsohuwar Windows da ake ajiyewa bayan babbar sabuntawa ko za ki so komawa baya. A ka'ida tana gogewa da kanta bayan kwana 10, amma idan kin ganta, ta kan kai GB goma sha wani abu ko fiye. Ki kula da akwati ɗaya a jerin: Downloads. In kika sa masa alama, duk abin da kika sauke daga intanet zai tafi. Ki duba wannan folda da idonki.

Amma inda gaskiya ke fitowa shi ne manhajar da ke zana taswirar faifai. WinDirStat kyauta ce, WizTree ma kyauta ce ga mai amfanin kansa, kuma ta fi sauri domin kai tsaye take karanta kundin da Windows ke lissafa fayiloli a ciki. Kowace za ta nuna miki faifan a matsayin akwatuna masu launi, girman akwati daidai da nauyin fayil. Na taɓa zama da wata ɗaliba da ta yi mako tana goge hotuna ɗaya bayan ɗaya. Da taswirar ta fito, sai ga manyan akwatuna shida a gefe guda: darussan da ta naɗa daga allo ta manta da su, kusan GB 60. Wani akwatin kuma kwafin tsohuwar wayarta ne, a ɓoye cikin AppData, foldar da ba ta ma bayyana sai an ce a nuna ɓoyayyu.

Akwai waɗanda za ki gani da girma amma ba na taɓawa ba ne. Ki bar pagefile.sys da foldar WinSxS, goge su da hannu yana iya lalata Windows. Shi hiberfil.sys, wanda ke riƙe aikinki idan kwamfuta ta yi dogon barci, yakan kai kusan kashi 40 cikin 100 na RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta. Ana kawar da shi da umarnin powercfg /h off, amma za ki rasa wannan barcin da saurin tashin kwamfutar idan an kunna ta.

Sai batun saye. Idan bidiyo da hotunan da ba kya buɗewa kullum ne suka fi yawa, faifan waje ya ishe ki. Iri biyu ne: mai faranti da ke juyawa a ciki, wato HDD, ya fi araha, amma ba ya jure faɗuwa. SSD, wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa, ya fi tsada, ya fi sauri da juriya. Abin da ba kya so ki rasa, ki ajiye shi a wuri biyu, domin faifan waje ma yana mutuwa. Idan kuwa manhajoji ne suka cika wurin, canza na ciki zuwa GB 512 ko TB 1 ya fi. Kafin nan ki tabbatar irin wanda laftof ɗinki ke karɓa, mai mahaɗin M.2 ne ko mai na SATA, domin wasu an liƙe musu ma'ajiyar a jikin allon ciki, ba ta ciruwa.

Ita kuwa manhajar da ke neman kuɗi, kada ki ba ta ko sisi. Aikin da take alkawari Storage Sense, mai share tarkacen fayiloli da ke shafin Storage ɗin nan, na yin sa kyauta a cikin Windows. Ki nemo ta a jerin Installed apps ki cire ta yau.