Shin da gaske matuƙi ɗaya ya harbo jirage tara a fita guda?

Tambaya: Malam, na ji an ce a Yaƙin Duniya na Biyu wani matuƙin jirgin yaƙi na sojan ruwan Amurka ya harbo jiragen Japan tara a fita ɗaya. Gaskiya ne, ko ƙarin gishiri ne irin na labaran yaƙi?

Amsa: Malam mai tambaya, wanda kake nufi shi ne Kwamanda David McCampbell, kuma rundunar sojan ruwan Amurka ta tabbatar masa da wannan adadi. Gaskiya ne matuƙa kan zarce wajen ƙirga abin da suka harbo a cikin ruɗanin yaƙi, don haka shakkunka na da tushe, sai dai wanda ya san yadda abin ya gudana ba zai ga ya saɓa wa hankali ba.

Ranar 24 ga Oktoba, 1944, ana tsakiyar yaƙin mashigin Leyte a ƙasar Filifin, jiragen Japan kimanin 60 suka tunkari ayarin da jirgin ruwan Essex mai ɗaukar jiragen sama yake ciki. Jirage bakwai kacal suka tashi daga Essex domin tare su, biyar suka bi masu jefa bama-bamai, McCampbell da abokin tafiyarsa Roy Rushing suka fuskanci masu rakiya. Da Japanawan suka ga an fara harbo su, sai suka yi da'ira suna zagaye, kowane jirgi yana kare bayan na gabansa. A nan ne, a ganina, gwanintar McCampbell ta fito fili, domin bai kutsa cikin da'irar ba. Ya hau sama da su ya yi ta jira, sanin cewa mai ba zai bari su dawwama suna zagaye ba. Da suka warware suka nufi tsibirin Luzon, sai shi da Rushing suka riƙa sauko wa duk wanda ya ware ko ya rage a baya, su yi harbi, su sake hawa sama. A haka McCampbell ya harbo tara, Rushing shida. Sa'ad da ya dawo babu wurin sauka a kan Essex, sai ya sauka a kan Langley, wani jirgin ruwan mai ɗaukar jiragen sama, mansa ya kusa ƙarewa, harsashi biyu kawai suka rage a bindigoginsa.

Jirgin da yake tuƙawa ya taimaka ƙwarai. F6F Hellcat na da bindigogi shida, kowacce da harsasai 400, ga sulke da ke kare matuƙi, ga tankin mai da ke toshe kansa idan harsashi ya huda shi, kariyar da yawancin jiragen Japan ba su da ita, shi ya sa suke saurin kamawa da wuta. Ban da haka, zuwa 1944 Japan ta rasa akasarin ƙwararrun matuƙanta, ƙarancin mai kuma ya sa sababbin ba su samu isasshen horo ba. McCampbell kuwa shekarunsa 34 a lokacin, ya gama makarantar hafsoshin ruwa tun 1933, ya kuma tsira daga nutsewar jirgin ruwan Wasp mai ɗaukar jiragen sama a 1942, inda aikinsa shi ne jagorantar jirage wajen sauka. Ko a ranar 19 ga Yuni, 1944, a yaƙin tsibiran Mariana, ya harbo bakwai, amma a fita biyu.

Kada a ɗauka wannan bajinta ta kare ayarin baki ɗaya, domin a wannan rana wani jirgin Japan guda ya sulale ya jefa wa jirgin ruwan Princeton bam, wanda ya yi sanadin nutsewarsa da asarar rayuka masu yawa. McCampbell ya kammala yaƙin da jirage 34, adadin da babu wani matuƙin sojan ruwan Amurka da ya kai, kuma a watan Janairun 1945 Shugaba Roosevelt ya ba shi Medal of Honor, lambar yabo mafi girma ta sojan ƙasar.