Watandar bauna a Amurka: amsa ga Kawu

Kawu, abin da kuka ji gaskiya ne, mutanenmu a nan suna cin bauna, sai dai ba irin ta Yankari ba ce. Wannan ta Amurka ce, Turawa na ce mata bison: gashi buzu-buzu a kai da wuya, ga gemu, ga tozo. Bajimin yakan kai kilo 900, macen wajen rabin haka, kuma duk da wannan jiki tana gudun kilomita 55 a awa, ta tsallake shinge mai tsayin mutum. Dabbar daji ce aka killace, shi ya sa kiwonta da yankanta duk suka sha bamban da na saniya.

Ana ƙiyasin a da baunar Amurka sun kai miliyan 30 zuwa 60, kuma da su 'yan asalin ƙasar irin Lakota suke ci, suke sutura, suke yin tanti. Da jirgin ƙasa ya ratsa yammacin Amurka, fatar ta yi kasuwa, maharba suka dinga feɗe fata suna barin nama ya ruɓe a fili. A 1889 wani masanin dabbobi, William Hornaday, ya yi lissafi, abin da ya rage dubu ɗaya ne da 'yan kai. A 1905 aka kafa ƙungiyar ceton bauna a gidan namun daji na Bronx a birnin New York, a 1907 suka aika guda 15 zuwa jihar Oklahoma a jirgin ƙasa. Yau akwai tsakanin dubu 400 da dubu 500 a Amurka da Kanada, galibinsu a gonakin masu kiwo don nama. Wato kasuwar nama ce ta yawaita su, ko da yake da yawa sun gauraya da jinin shanu tun zamanin da ake barbarar su da juna.

Kiwon nata ba sanda, ba igiya, ba tatsa, maza ma ba a dandaƙe su. Shinge mai ƙarfi ake yi, kusan mita biyu, a wadata ta da ciyawa da ruwa, don bauna mai yunwa ba shingen da ke tsare ta. Tana ɗaukar ciki wata tara da 'yan kwanaki, ta haihu a Afrilu ko Mayu, ɗan maraƙin ja ne. Da hunturu da kai take share ƙanƙara ta ci ciyawar da ke ƙasa. Abin da zai ba makiyayin gida mamaki shi ne tumaki. Akwai ƙwayar cutar da tunkiya ke ɗauke da ita ba tare da ta dame ta ba, musamman 'yan raguna, iska kuma tana kai ta nesa. In ta kama bauna sai zazzaɓi, ido ya yi fari, majina, zawo, cikin 'yan kwanaki ta mutu, kuma ba magani. Saboda haka ba a haɗa su gona ɗaya, ko a maƙwabta masu bauna ba sa son ganin tumaki.

Mu watanda muke yi, gida takwas ko goma. Ana zaɓar namiji mai wata 18 zuwa 30, mai nauyin kilo 500 ko kusa. Bayan fiɗa da cire kai da kayan ciki ana samun wajen kilo 280 zuwa 300, kuma a kan wannan nauyin ake biyan mai gona, kuɗin mahauci daban. In an cire ƙashi sai ya dawo kusan kilo 200. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauka an cuce shi. Kai, ƙafa, hanta, harshe da wutsiya kuwa tun ranar ciniki ake faɗin ana son su, in ba haka ba sai a zubar, tumbi da hanji ma mahauta da yawa ba sa bayarwa.

Yanka ne wurin da ake muhawara. Ba a kayar da bauna a ɗaure ƙafafunta, in aka takura mata tana iya karya wuyanta a jikin ƙarfe ko ta soke 'yar'uwarta, naman kuma ya yi baƙi ya yi tauri saboda firgici. Don haka masu gona harbinta suke yi a ka. A mazhabarmu ta Malikiyya naman dajin da ya shiga hannu hukuncin farauta ya fita daga kansa, sai an yanka. Masu ci a cikinmu sukan shirya da mai gona, Musulmi ya tsaya da wuƙa, ana sumar da ita ya yi bisimilla ya yanka, a ga jini na tsartuwa, ƙafa na shure-shure. Wasunmu ba su gamsu da wannan ba, ba sa ci, kuma ba a ganin laifinsu. Layya kuwa ba ma yi da ita, rago ko sa muke nema kamar yadda kuka saba.

A tukunya, ku manta da tozon bijimin gida. Tozon bauna tsoka ce zalla a kan dogayen ƙasusuwan baya, sai an dafa awa uku ko huɗu a wuta kaɗan kafin ya yi laushi. Naman duka kitsensa kaɗan ne, ja ne sosai. Balangu in aka bar shi a garwashi gwargwadon na sa sai ya bushe kamar ganda, tsire kuma sai an shafe shi da man gyaɗa sosai a sauke da wuri. Inda ya fi kyau shi ne kilishi da dambun nama: cinya tana yankuwa fale-fale, tana bushewa da sauri, kuma tunda ba kitse sosai, yana daɗewa bai yi ɗoyi ba.