Wayata za ta iya gane tsuntsayen Tabalak inda babu rezo?

Tambaya: Malam, ina koyarwa a Tawa, kuma idan damina ta kankama nakan kai ɗalibaina bakin tafkin Tabalak, inda ciyawa da furannin daji ke cika da tsuntsaye da malam-buɗe-littafi. Shin akwai manhajar da za ta faɗa mana sunayensu ko da babu rezo?

Amsa: Akwai, Malam, kuma kyauta ce. Ga tsuntsaye, ka sauke Merlin Bird ID, wadda sashen nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell da ke Amurka ya fitar a 2014. Tun kana gari, inda intanet ke da ƙarfi, ka sauke kundin tsuntsayen yankinmu a cikinta, domin da shi ne take gane hoto a daji ba tare da rezo ba. A 2021 an ƙara mata sauraron kukan tsuntsu, sai dai muryoyin tsuntsayen Afirka da aka koya mata ba su kai na Turai da Amurka yawa ba, saboda haka na fi son ka dogara da hoto.

Ga malam-buɗe-littafi kuwa, manhajar Seek ta iNaturalist, dandalin intanet da ake ɗora hotunan dabbobi da tsirrai don a tantance su, tana aiki ba intanet. Ingancin hoton shi ne ginshiƙi. Kada ka ja hoton da yatsu biyu don ya matso, domin hakan dusashe zanen fikafikan yake yi. Ka fita da sanyin safiya, lokacin da jikinsu bai ɗumama ba suna zaune shiru, ka matsa a hankali rana tana bayanka amma inuwarka ba ta faɗa musu ba, sannan ka taɓa jikin ƙwaron a fuskar wayar har ya fito sarai. Ka sa yara su duba ganyen tumfafiya, domin a kansa ne tsutsar wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro da baƙin gefe da ɗigon fari take ci har ta girma.

Abin da manhaja ta faɗa shawara ce, ba hukunci ba, kuma ba za ta ba ka sunan Hausa ba. Ka bar GPS a kunne don hoton ya riƙe wuri da rana, ka kuma nuna wa masunta da makiyayan wurin, waɗanda suka san shamuwa da balbela da zalɓe tun suna yara, ɗalibai su rubuta sunayen biyu gefe da gefe kafin ku ɗora hotunan a iNaturalist idan kun dawo Tawa.