Ku Tambaya Mu Amsa: Idan Aka Halatta Wiwi, Shaye-shaye Zai Ragu a Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ɗalibin jami'a ne, kullum yana cewa ƙasashe sun halatta tabar wiwi, wai da mu ma za a yi haka da an rage daba da cunkoson gidan yari. Akwai gaskiya a maganarsa? Daga wata uwa a Kurna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yaron ya ji wani abu, amma bai ji duka ba.

Ƙasar Urugwai ce ta fara halatta wiwi a 2013, kuma ba sakin abin ta yi a kasuwa ba. Sai mutum ya yi rajista da gwamnati, ya saya a kantin magani, kada ya wuce giram 40 a wata, ko ya shuka gindi 6 a gida. Kanada ta biyo baya a Oktoban 2018, giram 30 ne iyakar abin da mutum zai riƙe a waje. Fotugal kuwa, da ake yawan kafa hujja da ita, ba ta halatta komai ba. Tun 2001 wanda aka kama da abin da bai wuce shan kwana 10 ba, gaban wani kwamiti ake kai shi maimakon kotu, daga nan a iya tura shi asibiti. Dillali har yau ɗauri ne. Jihar Oregon ta Amurka ta kwaikwayi wannan a 2020 ba tare da isassun wuraren jinya ba, a 2024 ta janye.

A nan gida dokar hana wiwi ta 1966 tana nan, shugaban NDLEA Buba Marwa ya sha cewa ba ya goyon bayan halattawa, ga kuma shari'ar Musulunci a Kano da ta haramta duk abin da ke sa maye.

Abin da masu wannan muhawara kan tsallake shi ne, da yawa daga cikin abin da ke haukata yaranmu ai magani ne da doka ta riga ta tsara sayar da shi: tiramol, kodin, roci. NAFDAC tiramol mai miligiram 50 da 100 ta amince da shi, amma mai 225 ne ke yawo a lunguna. An hana maganin tari mai kodin a Mayun 2018, har yanzu ana kama shi. Wanda ya kasa tsare ƙofar kemis, yaya zai auna wa kowa giram 40? A ganinmu, wannan ce babbar tambaya. Binciken da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya yi a 2018 ya ƙiyasta kashi 16 cikin 100 na 'yan Kano masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da kayan maye.

Inda ɗanki ya yi gaskiya shi ne batun ɗauri. Yaron da aka kulle kan ƙulli ɗaya sau da yawa yakan fito ya fi da lalacewa. Jinya ta fi masa.

Idan akwai mai shan tiramol a gida, kada a ɗaure shi a ce ya daina rana ɗaya. Likita ne zai rage masa a hankali, kuma asibitin masu taɓin hankali na Dawanau na karɓar irinsu. Wuce miligiram 400 a yini na iya jawo jijjiga kamar farfaɗiya. Idan aka haɗa shi da kodin ko roci, numfashi ke raguwa. Wanda aka ga yana minshari, ya ƙi tashi, leɓensa ya canza launi, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko manja, a garzaya da shi asibiti nan take.